Zarge Goma Sha Biyu a Bakin Rafi

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sallame, ina ƙoƙarin fitar da motata daga harabar masallaci sai samari uku suka tare ni. Kejin da ke bayan a-kori-kurata suka gani. Nura, ɗan wajen Alhaji Sabo, shi ya yi magana. Ya ce, "Baba Ilu, muna so mu fara bizines irin naka. Mun kalli bidiyo da yawa. Ka ajiye keji, ka sa abinci, gobe ka dawo ka ɗauka. Shi ke nan, ko?" Motoci na ta danna mini hon a baya, ba wurin tsayawa ba ne. Na ce musu su saurare ni, zan rubuta musu amsa. Ga ta nan, ta ku ce ku uku da duk wanda ke irin wannan tunani.

Sunana Iliyasu, mutumin ƙasar Kazaure. Na haura shekara ashirin ina fitar da namun daji daga gidajen mutane a birnin Greensboro na Amurka da kewayensa. Kurege a cikin silin, jemagu a ƙarƙashin rufi, maciji a ɗakin wanki, bodari a ƙarƙashin baranda. Akwai kuma dabbobi biyu da ba mu da su a gida. Ɗaya ita ce rakun, mai baƙin zane a ido da hannaye kamar na jariri, tana buɗe murfin bola kamar mutum. Ɗayar ita ce biba, mai zama a ruwa, wutsiyarta faffaɗa, haƙoranta ja kamar na mai cin goro. Ita ce ke sare bishiyoyi ta datse rafi, ruwa ya malale wa mutane gona.

Ba da wannan aiki na fara ba. Lokacin da na zo ƙasar nan ina ɗaukar kaya ne a wani sito, ina haya a wani gidan sama tare da 'yan uwanmu biyu daga Maraɗi. Kuregu suka shiga silin ɗinmu, kullum da asuba sai ka ji kamar ana mirgina gyaɗa a kanka. Mai gidan ya turo wani tsohon Bature dogo, siriri, mai ɗingishi. Sunansa Mista Dugal. Ya kafa tsani, ya hau taki huɗu, gwiwarsa ta ƙi. Ina tsaye ina kallo, sai na riƙe masa tsanin. Ya dube ni ya ce ko ina tsoron sama. Na ce ni da na hau giginya. Bai san giginya ba, amma ya sauko ya miƙo mini tocila.

Da muka gama muna zaune a bayan motarsa, sai na ga wani guntun zare a ƙasa. Na ɗauka ina wasa da shi, na ƙulla zarge irin wanda muke yi muna yara da gashin wutsiyar doki, mu jera a kan kara mu watsa gero don kama kurciya. Tsohon ya karɓa ya juya shi, ya zura yatsa ya ja, zargen ya matse. Ya ce, "Wa ya koya maka girn?"

Na ce masa ƙila Turancina ne bai kai ba. Ya ce a'a, ko Amurkawa ba su san kalmar ba. Ta kakansa ce. Kakan nasa daga Sikotland aka ɗauko shi tun zamanin da masu kuɗin arewacin Amurka ke da dazuzzukan farauta a wannan yanki, aikinsa kiwon karnuka da kashe duk abin da ke cin ƙwan tsuntsayen da iyayen gidansa ke zuwa harbi. A bakin mutanen Sikotland, girn shi ne zarge, kuma shi ne aikin kamawa da zarge, kamar yadda mu ma muke cewa zarge, mu ce an zarge shi. Ya ce talakawansu sukan yi girn ɗin zomo da siririyar wayar tagulla a hanyar da zomo ke bi ta ƙarƙashin shinge, kuma mutum kan shiga uku idan mai ƙasa ya kama shi da zomon da ba a ba shi izini ba. Yara kan yi na tsuntsaye da gashin doki lokacin da ƙanƙara ta rufe ƙasa, su zuba ƙaiƙayi. Har kifi sukan yi wa, a ɗaura zarge a bakin sanda, a lallaɓa a zura wa kifin ta wutsiya yana kwance a ƙarƙashin dutse, a fizge. Masu wa'azinsu ma da ita suke kiran tarkon Shaiɗan.

Na ce masa gashin doki ne namu mu ma. Ya kalle ni, sannan ya yi dariya har da tari. Ya ce ashe yunwa iri ɗaya take koya wa mutane ƙulli. Ya ƙara da cewa suna da wani girn ɗin kuma, na yage baki a nuna haƙora, ko yaro ya yi ta ƙunƙuni yana ɓata fuska. Bai sani ba ko asalinsu ɗaya. Abin da ya sani shi ne duk dabbar da ka iske a tarko fuskar da za ta nuna maka ke nan. Ranar Litinin na fara bin sa, da farko bayan na tashi daga sito, daga baya gaba ɗaya.

Wata shida na yi ban ɗana tarko ko ɗaya ba. Aikina ɗaukar tsani da kallo. Mukan isa gida, kwastoma na ta bayani, shi kuwa Mista Dugal yana zagaya gidan a hankali hannuwansa a baya. Sai ya tsaya ya ce mini, "Ta ina?" Ina nuna wuri, ya girgiza kai, mu sake zagayawa. A haka na koyi cewa kurege kan bar ƙananan gutsuren katako a ƙasa daidai inda ya gwaguye, rakun kan bar sawun hannu mai laka a jikin bututun ruwan rufi, jemagu kuma kan bar baƙin maiƙo a bakin tsagar da suke fita, tsagar da ba ta kai faɗin ɗan yatsa ba. Kashi ma karatu ne. Na ɓera da tauri. Na jemage kuwa idan ka murza shi da safar hannu sai ya ruguje yana ƙyalli, saboda fukafukan ƙwari da ya ci. Wanda bai iya bambance su ba zai yi mako yana ɗana wa ɓera tarko a gidan da ke cike da jemagu.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da dalilinsa. Tsani biyu, dogo da gajere. Tocila ta goshi, don hannuwanka biyu na da aiki. Abin rufe hanci na ƙwarai, ba na asibiti ba, domin ƙurar tsohon kashi a cikin silin tana kwantar da ƙato. Safar hannu ta fata mai kauri. Ragar ƙarfe da almakashin yanka ta. Filaya mai yanke kebur, wadda ba ta barin aljihuna. Sai keji, manya da ƙanana, da tsohon bargo na rufe su, domin dabba tana natsuwa idan ba ta ganin ka. Abincin da ake sawa a keji kuwa, na kurege markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Na rakun farar alewar nan mai laushi da yara ke gasawa a wuta. Kada ka kuskura ka sa kifin gwangwani a unguwa, kyanwar maƙwabta za ka tarar da safe, mai ita kuma tana tsaye a kanta.

Akwai wani gida a unguwar masu hali ta Irving Park, babba, mai bene da rufin dutse, wanda a nan na fara gane cewa kamun ba shi ne aikin ba. Watan Afrilu ne. Matar gidan ta ce wani abu mai nauyi na tafiya a saman ɗakin barcinta. Na hau, na ga inda rakun ta yage ragar iska, na sa keji a kan rufin, washegari na same ta a ciki. Na sauko da ita ina jin kaina, na ɗauko raga zan toshe ramin. Mista Dugal ya ce in ɗaga kejin sama. Ya leƙa ƙarƙashin dabbar ya ce, "Dubi nononta." A kumbure suke, gashin da ke kewaye ya zube. Tana shayarwa. Da na toshe ramin nan, da 'ya'yan sun mutu a cikin bango, bayan kwana biyar wari ya kori mutanen gidan, sai an fasa filasta.

Na koma cikin silin da rarrafe. Wurin bai kai tsayin gwiwa ba a wasu sassan, kuma dole ka taka katako kawai, idan ka taka tsakaninsu ƙafarka za ta ɓullo a ɗakin mutane. Na yi kusan awa biyu ina kwance ina saurare. Can na ji wani ɗan ƙara kamar na tsuntsu daga cikin bango kusa da bututun hayaƙi. Na zura hannu har kafaɗa na ciro su ɗaya bayan ɗaya, guda huɗu, idanunsu ko buɗewa ba su yi ba. Doka a jihar nan ba ta yarda ka ɗauki rakun ka kai ta wani daji ka saki ba, saboda cutar haukan kare. Ko dai ka sake ta a nan harabar gidan, ko ka kashe ta. Aka gaya wa matar gidan, ta zaɓi a saki. Muka toshe ramin da raga mai kauri, muka sa 'ya'yan a kwali a gindin wata bishiya, muka buɗe wa uwar. Kafin gari ya waye ta kwashe su. Ku da kuka kalli bidiyo, ku tambayi kanku tun yanzu ko za ku iya idan kwastoma ya zaɓi kisa, domin da yawa shi suke zaɓa, kuma kai ne za ka yi.

Kwastomomi iri-iri ne. Akwai mai son ka kashe komai har da kuregen da ke kan bishiyar maƙwabcinsa. Akwai mai kuka idan ya ga ɓera a tarko, alhali shi ya kira ka. Mafi wuyar sha'ani shi ne mai jemagu a tsakiyar bazara. Daga Mayu zuwa ƙarshen Yuli ba a fitar da su, lokacin suna da 'ya'yan da ba su iya tashi ba. Sai ka tsaya a gaban mutumin da ya kashe dukiya a kan gidansa ka ce masa ya haƙura ya zauna da su har Agusta, abin da za ka iya kawai shi ne ka toshe hanyar da za su sauko cikin ɗakuna. Wani likita ya taɓa ce mini, "To me amfaninka?" Na ce amfanina zai gani a Agusta. Ya kore ni. A Agustan ya sake kira.

Namu mutanen kuma nasu daban. Wata Hajiya ta kira ni a kan maciji a gareji, na je na tarar baƙin nan ne mai cin ɓera, ba shi da dafi. Na ce, "Hajiya, wannan ma'aikacinki ne, ba ya karɓar albashi." Ta ce, "Malam Ilu, ka fitar min da shi, ka haɗa da ɓerayen, ni ban ɗauki kowa aiki ba."

Shekara bakwai na yi a ƙarƙashin Mista Dugal. Na yi kwas, na ci jarrabawa, na sami lasin na kaina. A shekara ta takwas ya sami shanyewar ɓarin jiki, 'yarsa ta ɗauke shi zuwa gidanta. Ya bar mini motar da kejin da lambar wayar da kwastomomi suka sani. Lokacin sanyin da ya biyo baya shi ne mummunar shekarata.

Wani mai gonar dawaki a Summerfield, can bayan gari, ya kira ni a watan Janairu. Biba sun datse rafin da ya raba gonarsa da ta maƙwabta, ruwa ya cika makiyayar da ke ƙasa, dawakai na tsayawa cikin taɓo har kofatonsu ya fara ruɓewa. Zargen waya haramun ne a jihar nan ga kowace dabba sai biba, don haka a kanta kaɗai abin da tsohon ke kira girn ya rage mana. Na bi gaɓar rafin na nemo wuraren da suke hawowa, inda cikinsu ya goge laka ta yi santsi. Na ɗana zarge goma sha biyu na kebur, kowanne a buɗe kamar faɗin faranti, ɗan sama da ƙasa kaɗan, an ɗaure shi a turken ƙarfe. A jikin kowanne akwai ɗan allon tagulla mai sunana da adireshina, haka doka ta ce. Doka ta kuma ce tarkon da ke kan tudu sai an duba shi kowace rana. A kwana huɗu na kama biba biyar.

A rana ta biyar rediyo ya fara sanar da cewa ruwan ƙanƙara na tafe, irin wanda ke daskarewa da zarar ya taɓa ƙasa. Na sha ganin Mista Dugal a irin wannan rana. Duk abin da yake yi zai bari, mu bi tarko ɗaya bayan ɗaya mu kwance su, ko da saura dabba ɗaya aikin ya ƙare. Ni kuwa na duba sama na ga ba ta yi baƙi sosai ba. Mai gonar yana ta matsa mini in gama. Kwance zarge goma sha biyu da sake ɗana su aikin yini ne. Na ce a raina motata tana da ƙarfi, ko me aka yi zan iso. Na bar su a ɗane na tafi gida.

A McLeansville nake zaune, nesa da gonar. Da gari ya waye, titin gabana kamar an zuba gilashi. Bishiya ta faɗo a kan wayar wuta ta tare hanya. Na gwada fita, motar ta juya da ni ta faɗa kwata tun ban kai ga babban titi ba. Na kira mai gonar in roƙe shi ya leƙa mini, wayarsa ba ta shiga. Rana ta biyu ma haka. Sai a safiya ta uku aka buɗe hanya, wani maƙwabcina ya ja mini motar da tarakta.

Zarge takwas na farko babu komai. Na tara yana bayan wani kututture, kuma tun kafin in ƙarasa na ji nishi. Kare ne, ɗan ƙarami mai dogayen kunnuwa, irin na farautar zomo. Ya zura kai da ƙafar gaba ɗaya, ya yi ta ja, kebur ya zame ya matse ƙafar a sama da gwiwa. Ya haƙa rami kewaye da turken saboda zagaye. Ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, ƙanƙara ta kama gashin bayansa. Da ya gan ni ya yage baki, amma ko haushi ya kasa.

Zan gaya muku abin da ya zo mini, domin zai zo muku. Babu kowa a wurin. Filaya na hannuna. Minti biyu ya ishe ni in yanke kebur, in cire allon sunana, in kwashe sauran zargen in tafi. Karen zai ja jiki ya mutu a wani wuri, a ce sanyi ne ko dila. Na tsaya a wurin har sanyi ya fara shiga takalmina. Sannan na tuɓe jaket ɗina na rufa masa a kai, na danne shi da gwiwa na yanke kebur. Ya cije ni ta cikin jaket ɗin a gindin babban yatsa, tabon na nan. Ni da tun da aka haife ni ban taɓa taɓa kare da hannu ba, na rungume shi a ƙirji na hau gangaren nan da shi ina zamewa.

A wuyansa akwai suna, Bodi, da adireshi. Gidan da ke ƙetaren rafin ne. Na ɗora shi a kujerar gaba na zagaya ta titi. Wata dattijuwa ta buɗe ƙofa sanye da riguna uku saboda babu wuta. Daga baya na san sunanta Misis Pegi, ta yi ritaya daga tuƙin motar 'yan makaranta, mijinta ya rasu, ita da karen ne a gidan. Da ta ga abin da ke hannuna ta ƙwala ihu ta kira sunansa. Ta kama hannuna mai jini ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Kwana biyu ina yawo cikin ƙanƙara ina kiran sa. A ina ka same shi?"

Na ce, "A tarkona."

Ba ta gane ba. Na sake faɗa. Na ce ni na ɗana wa biba zarge a ƙetare, ya kamata in kwance kafin ƙanƙara ban kwance ba, ya kamata in duba kullum ban duba ba. Ta saki hannuna. Ta ce in kai su asibitin dabbobi, domin motarta ba za ta fita ba. Tafiyar minti arba'in ce a kan wannan titi, tana kujerar baya da karen a cinya. Likitan ya ce zai rayu, ƙafar ce ba za ta tsira ba. Aka yanke ta daga kafaɗa. Na ɗauki nauyin asibitin. Da na mayar da ita gida ta tsaya a bakin ƙofa ta ce za ta kai ƙara hukumar da ke ba mu lasin, kuma kada ta ƙara ganin motata a layinsu. Na ce ta yi daidai. Na koma rafin na kwance ukun da suka rage.

Jami'in da ya zo bai sha wahala da ni ba, na ba shi labarin yadda na ba ku. Aka dakatar da lasin ɗina shekara guda. Mai gonar dawakin ya nemi wani. Labari ya bazu a Summerfield, inda kowa ke da kare, kuma mutanen can da na Irving Park coci ɗaya da kulob ɗaya suke haɗuwa. Waya ta yi shiru. Uwargida Rabi ta ƙara awanni a wurin aikinta, ba ta taɓa tayar mini da zancen ba, sai dai jaket ɗin da ta sa a leda ta jefa a bola.

Na je na gaya wa Mista Dugal da bakina. Yana zaune a kujera kusa da taga, rabin fuskarsa ya saki, magana da ƙyar. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Ka ji rediyo?" Na ce na ji. Ya ce, "To."  Can ya sa 'yarsa ta rubuta mini lambar wani mai gyaran rufi da suka daɗe tare. A wurin mutumin nan na yi shekarar, ina toshe ramuka da sa raga a bakin bututun hayaƙi, aikin da ba ya bukatar lasin ɗin tarko. A nan na ga cewa gidaje da yawa da na sha ɗana wa keji, ƙofa mai fita ba shiga da raga mai kyau sun ishe su. Har yau rabin aikina ba na sauke keji daga mota. Mista Dugal ya rasu a ƙarshen shekarar, wata biyu kafin a mayar mini da lasin.

Da na dawo aiki ya fara shigowa da kaɗan-kaɗan, mafi yawa daga mutanenmu da waɗanda ba su ji labari ba. A kaka ta biyu bayan haka, wata safiya ina kan tsani wayata ta yi ƙara. Muryar mace ce. Ta ce, "Pegi ce. Ka tuna da ni." Na ce na tuna. Ta ce biba sun dawo, wannan karon sun toshe kwalbatin da ke ƙarƙashin hanyar shiga gidanta, ruwa ya fara cin hanyar, idan aka ƙara ruwa ɗaya ba za ta iya fita ba. Na ce akwai masu wannan aiki da yawa, zan iya ba ta lambar mutum biyu nagari.

Ta ce, "Na san akwai. Kada ka ɗauka na yafe maka, ban yafe ba. Amma su ban san abin da za su yi ba idan sun yi ɓarna. Kai na sani."

Na je. Na gaya mata tun a tsaye cewa ba zan sa zarge ko ɗaya a ƙasarta ba. Na shiga ruwan har ƙugu na yashe kwalbatin da manjagara, na kewaye bakinsa da shingen raga mai faɗi, na zura dogon bututu ta ƙarƙashin datsin yadda ruwa zai riƙa wucewa ba tare da ƙara ba, domin ƙarar ruwa ce ke kiran biba su zo su toshe. Aikin ya ci kwana tara. Kowace safiya nakan tarar da kofin shayi mai zafi a kan katakon barandarta, an rufe shi da faranti. Ba ta taɓa cewa in shigo ba, ni ma ban taɓa hawa matakalar ba sai don in ɗauka in mayar.

Bodi kuwa yana nan da ƙafa uku, ya yi ƙiba, yana gudu kamar ba abin da ya same shi. Da ya ji ƙarar motata zai fito ya tsaya a saman gangare, nesa da ni daidai tsawon tsanina, ya yi ta haushi har in tashi. A rana ta tara na loda kayana, ruwa ya koma hanyarsa, Misis Pegi ta fito ta duba kwalbatin ta gyaɗa kai. Na ce mata karen nan dai bai gaji ba.

Ta ce, "Ba ya yi wa kowa haka. Ko mai kawo wasiƙa ba ya yi wa."

Na ce, "Ya fi kowa sanina."

Ta tsuguna ta riƙe shi ta wuya har na juya motar na fita.